Saniyar Inna

A gidanmu na Gummi, safiya ba ta cika sai wata Bafillata ta yi sallama da ƙwarya a kai. Daga rugarsu take zuwa, can hayin gulbi, da madarar da aka tatsa da safen nan, ɗuminta bai gama hucewa ba. Inna ce mai sha, mu sai dai lasar ludayi. Shekara da shekaru suna haka, har ciniki ya koma ƙawance, a baje a tabarma ana gulmar mazaje.

Sai hukuma ta hana sayar da ɗanyar madara, wai sai an tafasa, saboda tarin fuka da ake ɗauka daga shanu. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma Inna ta kurɓi tafasasshiya sau ɗaya ta ture kofin, ta ce an kashe mata daɗi. Duba-garin unguwarmu kuwa ɗan maƙwabta ne, mai tsoron aikinsa. Ya tare Bafillata a ƙofar gida, ya ce in ta sake sayarwa zai zubar. Ta ɗauke ƙafa. Inna ta rame, kuma ba don madarar kaɗai ba.

Wata safiya sai ga Bafillata da ƙwarya, duba-gari na biye da ita. Ta sauke a gaban Inna.

"Ƙawa, akwai wata ja ga garkenmu, mai farin goshi," in ji Bafillata. "Uwata tab ba ni ita. Daga yau taki ta. Ga nonon saniyarki na kawo maki."

Duba-gari ya sosa ƙeya. "Inna, wagga ai dabara ta."

"Saye anka hana, ɗana," in ji Inna. "Wa yah hana mutum shan nonon saniyatai?"

Ya fita yana roƙon ko don Allah a riƙa tafasawa.

Ni ma dabara na ɗauke ta, ashe su da gaske suke. Inna ta shiga aika dusa da kanwa. Kullum sai ta tambayi lafiyar saniyar, kamar mai tambayar ɗiyar da ta aurar. Ranar da saniyar ta haihu, Bafillata ta zo albishir ko ƙwarya ba ta tsaya ɗauka ba, Inna ta raba goro a unguwa. Mun yi mata tsiya har mun gaji, muna ce mata mai garke. Ita dai burinta guda, ta je ta ga saniyarta da idonta, ta shafa goshin nan.

Da damina gulbi ya cika. Da rani ƙafar Inna ta matsa mata. Kafin ta ji sauƙi daji ya lalace da 'yan bindiga, mutanen gari na tsoron ruga, mutanen ruga na tsoron gari. Sai muka wayi gari rugar ta tashi, ba sallama. Wasu suka ce sun yi wajen Bukkuyum, wasu suka ce sun yi nisa fiye da haka. Inna ba ta ƙara shan madara ba, ɗanya ko tafasasshiya. Kanwar da ta saya tana nan ɗaure a ƙarƙashin gadonta har ta rasu.

Ranar rabon gado yayana ya lissafa wa malam tufafi da tukwane da ɗan fili. Na ce akwai saniya, ja mai farin goshi, da abin da ta haifa.

"Ina take?" in ji malam.

Na ce ta bi ruga. Ya ce to a bar ta, sai ranar da ta dawo.

Ita kaɗai ce abin Inna da ba a raba ba. Ina kewar su duka, Inna da ƙawarta da safiyar nan. Har yau in garke ya gifta mota, direba yana tsaki, ni goshinsu nake bi da ido ɗaya bayan ɗaya.