Ragon da Muka Ja Zuwa Tirah

Yayana Zarmast, wanda duk kasuwar Darra ke kira Lala, tun bai yi gemu ba yake ɗura harsashi. Maƙeran layinmu su ƙera bindiga, shi kuma ya tattara kwanson da aka harba, ya wanke, ya zuba albarushi, ya dasa sabon kai. Ga iya aiki, ga girman kai, Allah Ya sani. Ni da nake sayar da shayi a ƙofar shagonsa na sha huɗubarsa har ta gundure ni: wai kan harsashi in ya nutse cikin kwanso fiye da ƙima, albarushi ya rasa wurin numfashi, in wuta ta kama sai ƙarfin ya fi ƙarfin bindiga, ya dawo kan mai harbi. Da bakinsa yake faɗa fa. Shi ya sa in na tuna abin da ya yi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nekmat Shah makiyayi ne daga duwatsun Tirah, ɗan aminin mahaifinmu marigayi Haji Mir Alam. Ya sauka a zauren baƙinmu, yana ƙorafin cewa kerkeci ya addabi tumakinsa. Da safe Lala ya miƙa masa harsasai kyauta. Nekmat ya zo sakawa a tsohuwar bindigar da ya gada, sai suka ƙi shiga, sun yi mata tsawo kaɗan.

Shin Gul, mai sassaƙa gindin bindiga a shagon kusa, ya leƙo yana dariya. "A'a, Lala! Yau kuma? Ko tsufa ne ya fara auna maka?"

Mutanen da ke shan shayi suka kwashe da dariya. Na ga kunnen Lala ya yi ja. Na matsa kusa na ce, "Lala, bar shi ya ƙara kwana mana, ka zazzage su ka sake awo."

"Rufe min baki, mai shayi. Kai ma ka zama malami?"

Ya koma kan injinsa, ya danna kawunan ɗaya bayan ɗaya har suka nutse. Suka shiga bindiga sumul. A Darra duk abin da aka saya sai an fita bayan shago an harba wa dutse an ji. Amma kyauta ba a gwada ta. Na dai yi ƙarfin hali na ce ko a gwada ɗaya, Nekmat ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! In gwada kyautar ɗan Haji Mir Alam? Ai na zage ku kenan." Lala yana ji, ya bar shi ya tafi da su haka.

Ba a jima ba labari ya iso. Bindiga ta fashe a hannun Nekmat, ta tafi da babban yatsansa na dama da biyu na kusa da shi. Kasuwa kaf ta ce laifin bindiga ne. Har Shin Gul, munafukin Allah, cewa yake ai ta girmi kakansa. Lala kuwa ya rufe shago, ya daina zama a sahun gaba a masallaci. Ya san in dangin Nekmat suka gano da kansu, gaba ce tsakanin gidajenmu har jikoki. Wata safiya ya ce min, "Nemo rago. Za mu je neman afuwa." A al'adarmu, in an karɓi ragon an yafe, in an mayar da shi sai abin da Allah Ya yi.

Ni na ja igiyar har Tirah, limamin masallacinmu na gaba. A zauren Nekmat, gaban 'yan'uwansa maza, Lala ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙasa. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wa kowa yi haƙuri ba! Ya ce, "Ba bindigarka ba ce. Ni ne. Na sani kuma na yi, don kada a yi min dariya."

Ƙanin Nekmat ya miƙe, ido jawur, Nekmat ya daka masa tsawa ya zauna. Sannan ya ce, "Ɗauki rawaninka, Zarmast. A yanka ragon nan, baƙi sun sha hanya."

Na ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Ashe da saura. Aka kawo nama da gurasa, muka zagaye tire. Nekmat ya ajiye naɗaɗɗen hannunsa a cinya, ya danne gurasa da gwiwar hannu, ya yago da ƙyar. Sai ya dubi Lala, cike da kunya, wallahi shi ne ma mai jin kunyar, ya ce, "Ku yafe min, baƙina. Da hagu nake ci yanzu."

Hannun Lala na cikin tire, yatsunsa biyar cif riƙe da tsoka. Har aka ɗauke abincin bai iya kai ta baki ba.