Shekarar da Baba Ya Yi Mana Girki

Ina aji uku na firamare a Kurfi Allah ya yi wa Inna rasuwa. Ciwon ciki ne na 'yan kwanaki, ana tsakiyar girbin gero. Ta bar ni da ƙanena, wanda a lokacin bai isa shiga makaranta ba.

Da aka share makoki, dangi suka zauna a kanmu. Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Dutsin-Ma, ta ce za ta tafi da mu duka biyu, kamar yadda aka saba in uwa ta rasu ta bar ƙananan yara. Kowa ya ce haka ya dace. Baba ne kaɗai ya ƙi.

"Yaya, a bar mani su," in ji shi. "In na shigo gidan nan ban ji motsinsu ba, ban san abin da zan zama ba."

"To wa zai dafa masu? Kai?"

Ta ɗauka nan da 'yan watanni zai yi aure maganar ta wuce, sai ta koma gidanta.

Ashe Baba ya iya girki. Bayan an yi wa Gwaggo aure, idon kakarmu ya mutu, kuma shi kaɗai ya rage mata a gida. Takan zauna bakin murhu tana gaya masa, shi kuma yana yi, har hannunsa ya faɗa. Sunan wannan kakar aka sa mani, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ke yi mana surfe, ni kuma in kai niƙa inji in na taso daga makaranta. Da la'asar sakaliya Baba zai dawo daga gona, ya ja ƙyauren zaure ya rufe, ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya hura wuta. Ni ce mai miƙo gari da jajjagen kayan miya, ƙanena kuma aikinsa korar kaji. Da farko tuwon yakan yi gudaji, sai ya ce mu ci a hankali kar mu karya haƙori, mu yi ta dariya. Daga baya ya daina yin gudajin. In ya kwashe, mu uku muke ci a akushi ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba Inna na da rai. Wani lokaci yana cikin kaɗa miya sai ya tsaya yana kallon wutar, har sai na ce masa miya za ta kama.

Maƙwabta sun sani, ai hayaƙi ba ya ɓuya. Amma ba wanda ya taɓa furta maganar. Suna gaisawa da shi kamar kullum, shi ma haka.

Malamar ajinmu mutuniyar kudancin Zariya ce, Kirista, mijinta yana aikin asibiti a Dutsin-Ma. Hausarta ta ɗan bambanta da tamu, mukan kwaikwaye ta in ta juya baya, amma muna sonta don ba ta cika duka ba. Littattafai ba su ishe mu ba, saboda haka in za a yi darasin auna fahimta sai ta kwafe labari a allo, mu karanta tare da babbar murya, sannan ta rubuta tambayoyi a ƙasa. Duk cikin darussa shi na fi so.

Labarin wannan rana na wani gida ne. Uba ya tafi gona, uwa ta yi shara ta ɗora tukunya, yaro ya kai awaki kiwo, yarinya ta ɗebo ruwa ta wanke kwanoni. Malama ta nuna tambaya da sandarta ta karanta: "Wa ke dafa abinci a gida?"

Na ɗaga hannu, ta kira ni.

"Baba," na ce.

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ake wa wanda ya yi suɓul da baka. Malama ta yi murmushi.

"Sake duba allo. Amsar tana cikin labarin, ba a wani wuri ba."

"Malama, ai a gidanmu Baba ne ke yi."

Sai ajin ya ɓarke. Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi gaskiya ne, ubanta ke tuƙa tuwo!" Wasu har da buga benci. Malama ta yi ta dukan tebur kafin a yi shiru. Ni dai ina tsaye, ban gane abin dariyar ba.

Da aka tashi tara ta tsayar da ni ta tambaye ni. Na gaya mata komai, tun daga rasuwar Inna. Da na gama, ta ce, "Babanki mutumin kirki ne. Kar ki bari kowa ya gaya maki wani abu daban."

Da sati ya zagayo, ba ta buɗe littafi ba. Labarin da ta rubuta a allo daga kanta ta tsara shi. Wai a wani gari mai nisa akwai wani manomi da ke dafa wa 'ya'yansa abinci, yana yi masu wanki, kuma a garin akwai wata mata da ke noma gonarta da kanta tana ciyar da iyayenta. Tambaya ta ƙarshe ita ce: "Shin aikin gida na mata ne kaɗai? Kawo dalili."

Ban taɓa ganin ajinmu ya yi gardama irin ta ranar ba. Yaron nan na bencin baya ya ce babansa ya ce namijin da ya riƙe muciya ya zubar da girmansa. Wata yarinya ta ce to masu tsire da masu shayi fa, ba maza ba ne? Ya ce wannan sana'a ce, a waje ake yi, ba a madafi ba. Malama ta ce a garinsu mahaifiyarta ke riƙe fartanya, kuma yayyenta maza duk sun iya daka. Wani ya ce, "Ai ku daban ne, Malama." Ta ce, "Yunwa ma daban ce?" Aka yi dariya. Har wasu 'yan mata da ba su taɓa buɗe baki a aji ba suka yi magana, wata ta ce ita ke ɗebo ruwan da yayanta ke wanka da shi, alhali ya fi ta ƙarfi.

Malama ta ji daɗin darasin, na gani a fuskarta. Amma duk wanda ya yi magana sai ya waiwayo ya dube ni. Ba wanda bai san manomin garin nan mai nisa ba.

Kowa ya kwafe labarin ya tafi da shi gida. A lokacin iyaye da yawa ba su yi boko ba, sukan sa yara su karanta masu abin da aka koya, don su ji ko makarantar na da amfani. Haka labarin ya shiga gida-gida. Abin da a da ake kawar da kai a kansa ya zama abin hira a bakin rijiya da dandali. Wasu suka ce Baba ne ya kai kansa makaranta a yabe shi. Wasu suka ce baƙuwa ta zo tana koya wa yara raina iyaye, har aka je wurin hedimasta.

Ranar kasuwa na raka Baba rumfar mahauta. Mahaucin, wanda sa'ansa ne, ya ɗaga wuƙa yana dariya ya ce, "Uwargida, na miya za a yanka ko na suya?" Mutanen wurin suka kwashe da dariya. Baba ma ya yi ɗan murmushi, ya ɗora hannu a kaina, muka wuce ba mu sayi naman ba.

Liman ya tare shi wata rana a ƙofar masallaci, ya ce masa abin da yake yi ba laifi ba ne a addini, lada ma yake samu. Amma a hankali ya faɗa, su biyu sai ni da nake jiransa da buta. Bai taɓa faɗa a gaban jama'a ba.

Ba a jima ba Gwaggo ta sauka daga a-kori-kura. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Har Dutsin-Ma maganar ta je. A gidan suna aka tare ni da ita. Mi kake so a riƙa kiran yaran nan da shi in sun girma?"

"Yaya, ban yi sata ba."

"Na sani. Ai uwar tamu ce ka fara yi wa girkin, ban manta ba. Amma wannan ɗiya mace ce, tana buƙatar hannun mace. Shi kuma yaron, so kake ya tashi a gindin murhu? Kai kanka wace mace za ta shigo gidan da ake yi wa waƙa?"

Tana faɗa tana kuka. Baba ya yarda ta tafi da mu. Abu ɗaya ya roƙa, kar a cire ni daga makaranta. Gwaggo ta yi alkawari, kuma ta cika.

Washegari ya raka mu tasha, ƙanena a kafaɗarsa. Ya ce, "Uwata, ki riƙe shi da kyau. In an yi girbi zan zo in ɗauke ku." Da motar ta tashi bai tsaya ɗaga hannu ba, ya juya da sauri.

Gwaggo ba ta taɓa bambanta mu da 'ya'yanta ba. Sai dai gidanta gida ne mai ƙa'ida. Wata safiya ƙanena ya ɗauki tsintsiya zai taya ni shara, ta fizge ta ce maza ba sa shara a gidan nan. Ya tsaya yana kallona, bai san laifin da ya yi ba. A hankali ya saba, har ya zama in ya gama cin abinci sai ya ture mani kwanon ya tashi.

Malama ta zo gidan sau ɗaya, da yake a Dutsin-Ma take zaune. An riga an canja mata makaranta. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, suka gaisa sama-sama. Da na raka ta ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Gyara na so in yi. Ki gaya wa babanki ya yafe mani." Da na isar masa, ya ce, "Ki gaishe ta. Ba ta yi mani komai ba." Ban sake ganinta ba.

Baba yakan zo jefi-jefi a kan keke, da rake ko ƙuli-ƙuli ɗaure a bayan sirdi. A zaure yake tsayawa kamar baƙo, mu fito mu durƙusa mu gaishe shi. An yi girbi, an sake yi, bai ɗauke mu ba. An yi maganar aure har wuri biyu, ba wadda ta tabbata. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta gaya wa Gwaggo cewa tun ranar da muka tafi bai sake hura wuta a gidan ba, fura yake saye, wani lokaci ɗan wake. Da shekarun ƙarancin ruwa suka zo ya fara tafiya cin rani, ya dawo da tari da rama. In na ce ya je asibiti sai ya ce sanyi ne.

Ina kwalejin horon malamai mata, a makarantar kwana, aka aiko in zo gida. Kafin in sami izini in sami mota, an riga an kai shi. Na tarar da tsakar gidanmu cike da mata masu gaisuwa, Gwaggo a tsakiyarsu idonta ya kumbura. Ta jawo ni jikinta.

Ƙanena, da yake namiji ne, an tafi da shi maƙabarta duk da ƙuruciyarsa, har an ba shi ƙasa ya zuba. Mata ba sa zuwa. Da mutane suka ragu na ja shi gefe na tambaye shi inda aka sa Baba. Ya ce can gefen gabas ne, kusa da wata bishiyar aduwa, an dasa reshen cediya a wajen kai. Na ce ya sake kwatanta mani, ya sake. Bayan sadakar bakwai aka kulle gidan, Gwaggo ta ba maƙwabta kajin, muka hau mota muka koma Dutsin-Ma.