Facin Gwiwar Tela

Shekara arba'in kawuna tela yana taka keken ɗinki, bai taɓa karɓar faci ba. In ka kawo masa yagaggen wando, sai ya ce, "Kai wa masu gyara, ni sabo nake ɗinkawa."

Da amosanin gaɓɓai ya cinye masa gwiwar dama, likita ya ce rabinta za a cire a sa ƙarfe, ɗaya rabin da sauransa.

Na ce, "Kawu, ashe faci za a yi maka."

Ya ce, "Ja'iri, ko na buhu ne a yi, in dai zan koma kan kekena."

Wata huɗu yana dogara sanda yana koyon tafiya a tsakar gida. Ranar da muka buɗe shago ya taka keke, gwiwa ta amsa lafiya lau. Sai ya ɗauki zare. Ya lasa, ya nemi kafar allura, ya sake lasa, har na daina dariya. Hannun rawa yake, ya ƙi tsayawa.

Ya ajiye zaren a hankali, ya ce, "Rufe shagon. Wannan kam ba shi da faci."