Ranar da na yi magana a kan ɗan farina

A gidanmu na Ƙofar Kware, mace ba ta nuna ta damu da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tanka zancensa a gaban manya. Ni kuwa na riƙe wannan kunya ƙam, har ana yabona.

Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo gari, kemis ya cika kowane lungu. Ɗan farina yana wata bakwai gwiwarsa ta kumbura, jiki zafi rau. Da hankalin mutane ya ɗauke, na ɓare asfirin ɗin mijina, na dama rabi a cokali na ɗura masa. Kwana biyu ina yi, ban gaya wa kowa ba.

Surukata ce ta goya shi zuwa asibiti, ina biye da su kamar 'yar rakiya. Nas ɗin wata dattijuwa ce marar fara'a. Ta zuƙi allurar rage kumburi, ta goge cinyarsa, sai ta tsaya.

"Mi anka ba shi gida?"

Surukata ta ce babu komai sai nono da ruwan rubutu. Iya saninta ta faɗa. Ni kuma na sunkuyar da kai. Na ga tsinin allurar ya kusa fata.

"Ni nib ba shi asfirin."

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Nas ta ajiye allurar a faranti a hankali. Ta ce magungunan nan biyu ba sa shiri a jikin jariri: in sun haɗu suna iya sa cikinsa zubar jini, su gajiyar da ƙoda. Asfirin ɗin ma ba na jarirai ba ne. Ashe abin da ya shiga ta baki shekaranjiya yana nan a jini, yana jiran wanda zai shigo ta cinya. Har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take, ikon Allah.

Na ɗauka surukata za ta wanke ni tas. Ba ta ko dube ni ba. Nas ta sake tambaya sau nawa aka ba shi, da wane lokaci. Surukata ta ɗauko yaron, ta ɗora min shi a cinya a gaban kowa.

"Tambayi uwatai, ita tas sani."