Ranar Da Na Sa Wa Kyamara Hula

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na sa wa kyamara hula ba. Duk sanda na tuna sai in yi dariya, in kuma bi ta da istigfari, don saura ƙiris abin ya zama zaman makoki.

A wancan lokacin ina da wata a-kori-kura da nake jigila da ita tsakanin Bauchi da ƙauyuka. Da kaya suka fi ƙarfin bodi, sai na sayo ƙaramar tirela mai taya biyu, irin wadda tarakta ke ja, na riƙa ɗaura ta a baya. Matsalar ita ce in na cika bodi, ba na ganin abin da ke faruwa a tirelar. Wata rana na ɗauko kankana, ashe murfin baya ya buɗe, na yi ta rabon sadaka ban sani ba. Har yau akwai ƙauyen da in na wuce tsofaffi ke ɗaga mini hannu suna sa albarka.

Shi ya sa na nufi wajen wani mai gyaran wayar mota a kusa da barikin Shadawanka, mutumin Bogoro, wanda in ya taɓa waya ko matacciyar mota sai ta yi atishawa. Na ce kyamara nake so. Ya yi mini bayani cewa irin wadda aka saba sa wa mota ba ta kamawa sai an sa ribas. Na ce ni ba da baya nake tafiya ƙauyen Zungur ba. Sai ya ɗaura ta can saman ƙarfen bodi tana fuskantar tirela, ya ja wayarta ya haɗa da makulli, ya kafa mini ɗan talabijin a gefen sitiyari. Da an tayar da mota, ido ya buɗe ke nan. Ya so ya sa mata makunni don in riƙa kashewa, na ƙi.

“Oga, wata rana za ka so ka kashe ta,” in ji shi.

Na ce idon da ke ƙiftawa ai ina da guda biyu.

Na yi ta fariya da ita a kasuwar Wunti, har masu keke suna leƙowa kallo. Uwargida kuwa ta kai labari gidansu cewa motar mijinta tana da ido a ƙeya.

Gab da faɗuwar damina, san huɗar surukina ya kumbura a ƙafa. Tsohon manomi ne a Zungur, kuma wannan sa shi ne noman shekararsa gaba ɗaya. Aka ce in je in kawo shi asibitin dabbobi. Da zan fita uwargida ta biyo ni har zaure, ta ce san kam dabba ce, amma ubanta guda ɗaya take da shi, amana ta ba ni.

Muka loda sa a tirela, muka cika bodi da harawa. Na buɗe ƙofar gaba na durƙusa na ce Baba ya shiga. Ya kalli wani wuri daban ya ce shi wajen sansa zai zauna. Na san dalili. Tun da na auri ’yarsa ba mu taɓa haɗa ido ba, balle mu zauna kafaɗa da kafaɗa kamar abokan majalisa. Ban ja ba, na shimfiɗa masa buhu, muka kama hanya.

Da farko komai lafiya. Ga sa a kwance, ga Baba ya riƙe igiya, tas nake ganinsu kamar a sinima. Can sai na ga ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙunshi. Ya kwance. Rogo ne da garin ƙuli. Ya gutsura ya kai baki.

Jama’a, duk wanda ya tashi a hannun manya ya san abin da na ji. Surukinka yana tauna, kai kuma ka zuba masa ido, shi bai ma sani ba? Na laluba makunni, na tuna ni na hana a sa. In kashe mota kuma mu kwana a daji. Sai na cire hulata na kifa wa ɗan talabijin ɗin, na ce in ya gama sai in ɗage. To rogo ba shayi ba ne, kuma haƙoran Baba sun yi ritaya, don haka na ba shi lokaci mai yawa.

Wajen wani rafi mai yashi muka faɗa rami, na ji ƙwal. Daga nan mota ta yi wani irin sauƙi, ta riƙa gudu kamar an yi mata albishir. Na ce lallai albarkar suruki gaskiya ce, dubi yadda tsohuwar nan ta koma budurwa.

Na isa ƙofar asibitin dabbobi, na fito, na zagaya baya kaina a sunkuye, na durƙusa na ce, “Baba, mun iso. Sannu da hanya.” Shiru. Na maimaita. Sai maigadin wurin ya matso ya ce, “Malam, wa kake gaisarwa?”

Na ɗago. Babu Baba, babu sa, babu tirela. Ƙarfen da ake zirawa a haɗa su ya yi tsalle ya fita tun a ramin nan.

Na juya mota na koma, ban san na iya tuƙi ba sai ranar. Maganar uwargida kawai ke yi mini amsa-kuwwa a kunne, ina tunanin da wane baki zan ce na ɗauko mata uba na yar a hanya kamar kankana.

Na same su a bakin rafin. Hancin tirela ya kafe a yashi, kuma yashin ne Allah ya sa ya tare ta ba ta kife ba. Wasu manoma sun taimaka an sauko da sa, yana kwance a inuwar ɗorawa yana tuƙa. Baba na zaune gefensa, gwiwar hannunsa ta ɗan kuje, hularsa cike da yashi. Na zube a ƙasa ina ba da haƙuri.

Bai dube ni ba. San ya duba, ya ce masa, “An ce motar nan tana da ido a ƙeya. Ashe barci yake yi.”

Na yi ta kame-kame. Na ce idon lafiyarsa lau, ni na rufe shi, saboda na ga Baba ya shiga wani ɗan uzuri. Kalmar ci ma ta ƙi fita daga bakina. Ya kalli ƙunshin rogon da ke gefensa, na ga gemunsa yana rawa. Ya sake juyawa wajen san.

“Ka gaya wa mai mota, gara ya ga bakina yana motsi da ya zo ya ga an ɗaure shi.”

Muka haɗa tirela, na ɗaure ƙarfen da waya, daga baya ma na ƙara sarƙa. Da muka tashi, Baba ya gyara zama, ya fuskanci kyamarar sosai, ya kwance ƙunshinsa. Haka na tuƙa har cikin Bauchi, hula a kaina, ina kallon surukina yana cinye rogonsa har da lasar yatsa. San ya warke, ya yi huɗar shekarar. Uwargida ba ta ji labarin daga bakina ba, daga bakin uban ta ji, kuma an ce sai da ya tsaya sau da yawa yana share hawayen dariya.

Har gobe ina jin kunyar manya, kuma ina koya wa ’ya’yana ita. Amma ranar na gane cewa in an ba ka amanar mutum, kallonsa shi ne girmama shi. Kunya a sunkuyar da kai a zaure take da kyau. A kan hanya kuwa, hula kanka aka ɗinka wa.