Mai Askin da Ya San Inda Babana Ya Tsaya

Da safe yakan share shagon, ya goge madubi, ya jera almakashi da injin aski a kan tawul. Kafin mutum na farko ya shigo, sai ya jawo littafi daga bayan kwalbar man gashi. Da ya ji motsi a ƙofa zai soka mataji a shafin ya miƙe. Shekaru da yawa ke nan mai askin layinmu yana haka. Mai shagon kusa da shi yakan tsokane shi, wai wata rana sai ya yi wa littafi aski ya karanta kan mutum.

A ƙarshen watan nan zai rufe shago. Hannunsa ya fara rawa, ɗansa kuma ya matsa masa ya koma garin da yake aiki. Na zo in yi masa jinjina, amma ba zan ɓoye ba, ina kishinsa.

Ni ma da kaina na koyi karatu, kuma na fi shi tarin littattafai. Nawa suna cikin kabad, ina jiran ranar da zan samu sarari. Shi bai taɓa jiran sarari ba. Tsakanin wannan kai da wancan yake tsintar lokacinsa.

Da idon babana ya mutu, mai aski ya riƙa zuwa gida yana yi masa aski. Idan ya gama ba ya tashi, sai ya karanta wa tsoho shafi biyu ko uku. Ƙanwata ta sha jin su suna musu a kan mutanen cikin littafi kamar maƙwabtansu ne. Ni ke sayen magani, ni ke kai shi asibiti, amma ranar aski kaɗai baba ke neman a ba shi riga mai guga. "Ɗana ya zo?" haka yake tambaya, alhali ina zaune kusa da shi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Alherin da ya tona asirin gazawarka, godiya ya cancanta ko fushi? Har yau ina jin duka biyun.

Mai aski, kai ne ka mayar wa makaho da duniya, mai hannu mai sanyi. Kai ne ka zauna a kujerar da na bari babu kowa.

Da baba ya ji labarin tafiyar, bai tambayi wa zai yi masa aski ba. Cewa ya yi saura kusan rabin littafi. Jiya na je shagon, na daure na tambayi inda suka tsaya. Bai yi mini dariya ba. Ya miƙo littafin da matajin a ciki, ya ce, "Ka riƙa yi a hankali, Yaya. Yana son a dakata ya yi gardama."

Na gode, ko da yake godiyar tana da ɗaci. Ku da ke jiran ranar samun sarari, ku dubi mutumin nan. Ni dai yau da la'asar zan buɗe inda matajin yake.