Zakin da ke Bangon Makaranta

Duk allon shagon da ke layinmu, daga na mai aski har na mai gyaran takalmi, aikin hannun mutum ɗaya ne. Mai Fenti muke ce masa, dattijo mai ƙarancin magana, wanda shuɗi bai taɓa barin ƙarƙashin farcensa ba. Ƙa'idarsa a aiki guda ce: yakan miƙe a gaban bango, ya sa alama daidai idonsa, daga nan zane ke farawa. Hujjarsa ita ce mai saye babba ne, kuma a tsaye yake tafiya.

Wata rana wakilin wani kamfanin biskit ya kawo masa aikin bangon da ke fuskantar ƙofar makarantar firamare. Hoton zaki ake so, yana dariya, riƙe da fakiti. Ya sa alamarsa yadda ya saba.

"Baba, sauko da shi," in ji wakilin.

"Zuwa ina?"

"Ƙasa dai. Daidai ƙugunka."

"Wa zai kalla a nan? Awaki?"

Wakilin ya yi dariya kawai. Dariyar da ta zo a gurbin amsa abar tuhuma ce, kuma Mai Fenti ya ji hakan a ransa. Duk da haka ya durƙusa ya yi aikin, ya kuma kyautata shi, domin hannunsa bai iya ha'inci ba. Har ya ƙara da wata dabararsa da ba a nema ba: ya zaunar da ƙwayar idon zakin a tsakiya, ta yadda ko ina mai kallo ya tsaya, sai ya ga shi ake kallo.

A gidansa akwai jikarsa, 'yar aji ɗaya, wadda yake tsokana da suna Uwargida. Ba ta daɗe da tashi daga doguwar jinya ba, kuma likita ya gargaɗi uwarta cewa in ba ta riƙa cin abincin kirki ba, ƙwai da wake da kifi, to za a sake kwantar da ita. Sai ga yarinya ta soma ture kwano, wuyanta na ƙara tsawo.

Uwar ta zargi maƙwabciya da ba ta kayan zaƙi a ɓoye. Ta zargi mai teburin da ke bakin makaranta. Ta zargi malamar aji da sakaci, har ta soma cewa bakin mutane ne. A ƙarshe ta zazzage jakar makaranta, ledojin biskit suka zubo. Ashe dafaffen ƙwan da ake sa mata kowace safiya musanya take yi da shi a wurin 'yan ajinsu.

"Don ubanki, wa ya ce ki ba da ƙwanki?" in ji uwar.

"Zaki ba ya cin ƙwai," in ji yarinyar, ko gezau.

Mai Fenti yana gefe yana wanke buroshi. "Uwargida, yanzu kin yi mini kishiyar namiji ke nan? Wane zakin?"

"Nawa mana, tsoho. Kullum ni yake kallo."

Washegari ya raka ta makaranta da kansa. A bakin ƙofa igiyar takalminta ta kwance, ya tsuguna zai ɗaure, ya ɗaga kai. Tun da ya gama zanen, a tsaye yake wuce shi, kuma daga sama zakin fenti ne kawai a gindin bango. Daga tsayin yarinya kuwa, fuska ce da ta fi tata girma, idanunta cikin nata, tana miƙo mata abu. A nan ya sami amsar da wakilin ya hana shi. Ba uba mai aljihu aka yi wa zanen ba. An yi shi ne don wadda ba ta iya karatu ba, ba ta kuma san cewa mai yi mata murmushi na iya kasancewa da wata bukata ba.

Ya yi tunanin shafe shi da farar ƙasa, sai ya auna. Bangon haya ne na kamfani, za su sa wani ya sake. Ga kuma zakin nan a talabijin, ga shi a wayar uwarta. Gardama da yarinya ma ba za ta yi ba, domin hujja ba ta fitar da abin da ba ta ƙofar hujja ya shiga ba. Jikin yarinyar kuwa ba zai jira ta yi hankali ba.

Saboda haka ya durƙusa a ɗakin girki, kusa da inda take zama, ya zana zakin nan a bango daidai tsayinta, da irin idanun nan, kwanon wake da ƙwai a gabansa.

Da ta dawo ta daɗe tana dubansa. "Tsoho, ya biyo ni gida?"

"Yunwa ta koro shi. Biskit ba ya riƙe ciki."

Ta zauna ta cinye kwanonta tas. Uwar ta yi ta godiya ga Allah, ta je ta ba maƙwabciya haƙuri. Cikin 'yan makonni kumatu suka dawo, likita ya ce ba sai an kwantar da ita ba.

Mutanen layi suna yaba wa dattijon wayo, amma shi ban ga ya yi murna ba. Ya san bai koya mata komai game da abinci ba. Zaki take bi jiya, shi take bi yau, mai sa wa zakin magana a baki ne kawai ya sauya. Ran nan yana haɗa fenti a tsakar gida ta zo ta dafa kafaɗarsa.

"Tsoho, gobe me zaki zai ce in ci?"

Ya dube ta, ya rufe gwangwanin fentin.